Tabo a Idon Dama

…kuma minti talatin ɗin ma wa ke ƙirgawa? Nas ta ce minti talatin. Ta ɗiga masa magani a ido biyu, ta soke masa yatsa ta ɗebi jini, ta ce ya koma benci ya jira ƙwayar idon ta buɗe kafin likita ta leƙa ciki. Ya jira. Faɗa ai ba wuya. Agogon bangon can ya riga ya narke, lambobinsa sun cakuɗe, shi kuwa Injiniya — haka duk layin masu gyaran waya ke kiransa, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba — yana zaune da auduga a yatsa, ruwa na bin kumatunsa. Maganin ne. Maganin ne kawai, kada wani ya zaci kuka yake.

Ya sake rufe idon hagu da tafin hannu. Sau nawa ke nan yau? Ga shi nan, bai je ko'ina ba. Tabon. Toka-toka, a tsakiyar gani sak, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. In ya dubi ƙofar likita, ƙofar ta ɓace, bango ya rage. In ya dubi bango, bangon ya tafi, ƙofar ta dawo ta gefe, a karkace. Duk abin da ya sa wa ido shi ke tafiya. Yau kwana tara.

Kwana tara… yana kan teburinsa, fuska a madubin ƙara girma, hantsaki a hannun dama, ƙarfen dalma a hagu, sai ƙafar ɗan kayan wayar da zai liƙa ta ɓace. Ya goge gilashin madubin. Ya sake gogewa. Sau uku, har da tsine wa wanda ya sayar masa da shi. Ka ji mutum. Madubi lafiyarsa ƙalau.

Abin da yake zargi fa ɗan mitsitsi ne, da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa. Yana can saman allon waya, kusa da kyamara. Fitila ce da ke watsa wa fuska ɗige-ɗigen haske don waya ta gane mai ita ta buɗe. Infirared, in ji masu karatu. Hasken da ido ba ya gani. To tun da ba ya gani, ba ya ƙiftawa, ba ya kaucewa — wannan shi ne abin da ke cin ransa. Rana in ta doke ka, ka runtse. Walda in ta walƙa, ka kau da kai ba shiri. Wannan kuwa shiru yake shiga, ko sallama babu.

Waɗanda suka ƙera abin ba mahaukata ba ne, a faɗi gaskiya. Sun sa gilashi a gaba mai warwatsa hasken ya yi laushi. Sun sa masa ɗan mai gadi, fis, wanda in gilashin ya tsage ko ruwa ya shiga sai ya yanke wuta, fitilar ta mutu, waya ta daina gane fuska. Shi ke nan, mai waya ya koma danna lambar sirri. Don ido aka yi haka. Ya sani. Tun ranar farko ya sani, kada ya zo bencin asibiti ya yi wa kansa ƙarya.

Dogo ne ya nuna masa. Dogo mai shagon da ke jikin nasa, mutumin da in yana magana sai ka rantse shi ya ƙera wutar lantarki. Zaren tagulla ɗaya, bai kai silin gashi kauri ba, ka ɗora daga nan zuwa nan, ka tsallake mai gadin. Fitila ta tashi. Waya ta gane fuska. Mai waya ya washe baki, ya tafi yana ba da labarinka a gari. Da ya yi maganar ido sai Dogo ya bushe da dariya, wai ai hasken rimot ɗin talabijin ne, wa rimot ya taɓa makantawa? Ya yi dariya shi ma. Wataƙila Dogo ya yi gaskiya… wataƙila. To wa ya auna? Da me? Na rimot yana da gilashin da ya tsage? An cire masa mai gadi?

Waya goma sha bakwai ya yi wa haka. Ya ƙirga su jiya, ya ƙirga shekaranjiya, ba su ragu ba. Direban babbar mota. Malamar makaranta mai tabarau. Saurayin nan da ya kawo tasa a jiƙe cikin leda. Tsoho mai kanti da ba ya iya riƙe lamba a ka, shi ya sa ya nace sai an gyara masa fuskar. Wasu ko kamanninsu ba ya tunawa. Sun shigo, sun fita, suna can cikin gari, kowa na ɗaga waya zuwa idonsa sau ɗari a yini.

Da ma a nan ya tsaya. Gwaji fa? Ƙa'ida ita ce ka haska abin da kyamarar wata waya, ita tana ganin hasken, ka ga ya kama ko bai kama ba. Amma Injiniya manya, ina yake da lokacin ɗauko wata waya? Sai ya tare hasken shago da tafin hannu, ya kawo fitilar tsirararta dab da ido, ba gilashi ba komai, ya leƙa. Akan ga ɗan ja-ja can ciki, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya kama! Har alfahari yake da shi, wai idonsa shi ne mitar gwajinsa. Wane ido? Na dama. Kullum na dama.

Matar da ke gefensa a benci ta ɗaga wayarta, ta kalle ta, ƙit, ta buɗe. Wa ya taɓa gyara mata? Ta taɓa faɗuwa? Ya ji bakinsa zai buɗe — baiwar Allah, wayar nan… — ya haɗiye. Ina ruwansa. Tata wataƙila ba wanda ya taɓa kwance ta, tana nan yadda aka yi ta, da mai gadinta a ƙofa. Ba kowace waya ce ta bi ta hannunsa ba.

Ta goma sha ɗaya ce matsalar. A'a, duka matsala ne, amma ta goma sha ɗaya…

Bahon wanki. Maman yara tana tsaye, kumfa har gwiwar hannu, waya na ɗigar ruwa, fuskarta kamar an yi mata mutuwa. Tela ce, duk masu kawo mata ɗinki a cikin wayar suke: awonsu, hotunan yadinsu, ranar da za su karɓa. Ya busar, ya kwance, ya wanke, komai ya tashi sai fuskar. Ta ce ba komai, ta gode, za ta riƙa danna lamba. Ita ta ce ba komai! Shi ne ya ƙi. Matar Injiniya guda tana danna lamba kamar wadda ba ta da kowa? Ya ɗauko zaren tagulla. Da yamma ya miƙa mata, ta kalla, ta buɗe, ta yi masa kallon nan da rabon da ya gan shi tun kafin haihuwar autarsu. Har ƙawayenta ta kira tana faɗa musu, abin da aka ce sai dai a sayi sabuwa, mijinta ya tashe shi a zama ɗaya. Ya ji daɗi. Wallahi ya ji daɗi, har ƙeyarsa.

Wata biyar ke nan. Tana jingine ta a jikin keken ɗinki, dab da fuska, don hannuwanta ba sa zama banza: ɗaya a yadi, ɗaya a almakashi, allura a baki. Saƙo ya shigo, ta ɗaga ido kawai. Ta ɗaga ido… sau nawa daga safe zuwa la'asar? Ya taɓa zama ya ƙirga, ya kai sittin da wani abu, ya tashi ya fita tsakar gida.

Ba wai bai yi komai ba. Ya yi. Ya manna ɗan baƙin tef a wurin, ya ce don ƙura. Kafin azahar ta ɓare, wai ya ɓata mata waya kamar ta ɗan acaɓa. Ya shiga ciki ya kashe ganin fuskar, ya ce batir yake ci. Ƙanwarta ta zo ziyara ta kunna mata, suna ta yi masa tsiya wai Injiniya ya fara tsufa. Ranar Laraba da ta tafi kai ɗinki ta manta ta a gida, ya sure ta ya ruga shago, ya buɗe, ya sa a ƙarƙashin madubi don ya cire zaren da hannunsa ya ɗora — sai wurin ya ɓace. Daidai wurin. Ya rufe na dama ya gwada da hagu, amma da ido ɗaya ba a auna zurfi, bakin ƙarfen na sauka inda bai aike shi ba. Ya mai da murfi ya rufe, gumi har cikin kunne.

Ya ba Dogo? Hm. Ya ba Dogo, kafin la'asar duk layin ya ji idon Injiniya ya tafi. Wa ke kai waya wurin mai gyara mai ido ɗaya? Ya faɗa mata gaskiya fa? Kalma nawa ce? Maman yara, abin da na sa miki… abin da kika yi ta yabo… na san an hana, na sa. Ba ta da tsawo. Kwana tara yana ɗauke da ita a baki, safe da yamma, suna cin abinci a faranti ɗaya. Yau ma da zai fito ce mata ya yi zai je a auna masa tabarau.

Matsoraci. A faɗe shi da sunansa, ba wanda ke ji.

Nas ta dawo da 'yar tocilan, ta ɗaga masa haɓa, ta haska dama, ta haska hagu. Ta ce na dama ya buɗe, na hagu da saura, ta ƙara ɗigo ɗaya. Yaji. Ya tambaye ta sakamakon jinin, ta ce yana cikin fayil, likita za ta yi masa bayani. Me ya sa ba ta faɗa ba? In lafiya ƙalau ne ai cewa suke lafiya ƙalau, su wuce. Ko haka take yi wa kowa? Takalminta na tafiya, ƙwas, ƙwas, farin kayanta ya narke cikin farin bango.

Jinin. Ga ɗaya ƙofar ke nan, wadda tun safe yake zagaye ta ba ya son taɓawa.

Baba. Baba kafinta, mutumin da ke duban katako sau ɗaya ya ce maka ya karkace da rabin inci. Shi ma da tabo ya fara. Shi ma goge tabarau ya riƙa yi da gefen riga, yana cewa gilashin yanzu ba shi da kyau. Ciwon suga, aka ce, ya sauka a ido. Na dama, bayan shekara na hagu. Baba a bakin ƙofa bisa kujerar da shi ya ƙera, kai a ɗage, kunne a gaba — waye nan? waye nan? — ko kaza ce ta wuce. Baba yana laluben cokali a gefen kwano. Ranar da ya riƙe masa hannu zuwa bayan gida, sai yatsun Baba suka matse nasa har suka yi zafi. Shekara shida a haka. Zarto da gudumarsa suka yi tsatsa a rataye, ba wanda ya iya sauke su sai bayan rasuwarsa.

An ce yanzu ana magani. An ce. Lokacin Baba ma an ce.

Shi kuma ƙishirwar nan da yake ji kwanan nan? Zafi ne. Kowa na shan ruwa. Wandon da ya yi masa yawa? Maman yara ta ce ɗinkin ne ya saki… ta ce ne don ta kwantar masa da hankali, ko ta yarda da hakan?

To ga su nan, biyu, a jere kamar masu jiran layi. In hasken ne, ƙuna ce, ta ƙone inda ta ƙone ta tsaya, na hagu yana nan, zai ga hanya, zai ga fuskar 'ya'yansa. Amma in hasken ne, to zaren tagullar nan ba wasa ba ne, yana cikin waya goma sha bakwai, yana jingine a jikin keken ɗinki. In kuwa suga ne, Dogo ya yi gaskiya, rimot ne kawai, ba wanda ya cutar, idonta lafiya lau, na direba lafiya, na tsoho lafiya… shi kuma ga kujerar Baba tana jiransa a bakin ƙofa. Wataƙila akwai na uku da na huɗu da likitoci suka sani. Shi dai biyun nan yake gani.

Mutumin kirki ya san wanda zai roƙa. Ai ba ya buƙatar tunani. Gara ni, haka mutumin kirki ke cewa. Haka zai ce shi ma. Zai ce. Bari dai maganin nan ya daina yaji.

Aljihunsa na ruri. Ya ciro wayar, allon fari fat, ba ya iya karanta ko harafi, amma kiɗan nata ne, shi ya sa mata shi daban. Tasa wayar tun kwana tara ya kashe mata fuska, ya liƙe wurin da tef biyu. Tasa! Wadda ba a taɓa kwancewa ba ma. Ya lalubi wurin amsawa.

Ƙarar keke a bayanta, tana magana da allura a baki, ya san muryar. Tana tambaya ko an auna, kada ya zaɓo mai kaurin baki irin na tsofaffi ya zo ya ba ta kunya. Ya ce ana kan layi. Keken ya tsaya.

"Baban yara, tun da kana wurin, ka tambayo min maganin ɗigawa. Idona ke ta ruwa tun safe. Sau huɗu ina zura zare yana kucce min."

Wanne? Wane idon? Bai tambaya ba, ba zai iya jin amsar ba. Yanzu ne. Yanzu, ga ta a kunnensa, ba ta ganin fuskarsa, ba abin da ya fi wannan sauƙi. Maman yara, abin da na sa miki…

"Ki ajiye wayar nan ki huta," abin da ya fito ke nan.

Ta yi dariya, wai in ta ajiye waya masu ɗinki ta taga za su riƙa kiranta? Ta ce sai ya dawo. Keken ya ci gaba kafin ta kashe.

Shekararta arba'in da ɗaya. Duk tela a wannan shekarun zare na kucce masa. Ƙurar yadi ce. Fanka ce. Yini take a sunkuye, ido ba ƙarfe ba ne. Yayarta ma tabarau take sawa, a jininsu yake. Haka ne. Haka ne mana… Sau huɗu. Matar da ke zura zare tana hira ba ta ko duba allurar.

An kira lambarsa. Sau biyu, ashe, sai da matar gefensa ta taɓa shi. Ya miƙe, benci ya yi baya, falon duk haske, ya miƙa hannu ya sami bango. Yana bin bango. Yatsunsa na shafar fenti, suna laluben bakin ƙofa — ya fizge hannun kamar ya taɓa wuta, ya sa a aljihu. A'a. Ba yau ba. Zai shiga da ƙafarsa, ko da zai yi karo.

Ɗakin da duhu-duhu, an saki labule. Likitar ba ya ganin fuskarta, murya ce kawai da ƙamshin sabulu. Ta ce ya ɗora haɓa a nan, ya jingina goshi a can. Ƙarfen da sanyi. Takarda na motsi a teburi, fayil ɗinsa ne, lambar jininsa na ciki, taku ɗaya daga hannunsa, ko an buɗe masa ba zai iya karantawa ba.

Ta tambayi sana'arsa. Ya faɗa. Ta tambaya ko yana aiki da haske mai ƙarfi, walda ko makamancinta. Ya ce akwai wata 'yar fitila… ya faɗi rabi, na leƙawa da ido, ya bar rabin zaren tagulla. Biro na tafiya. Ta tambaya ko akwai mai ciwon suga a gidansu. Ya ce mahaifinsa. Biron ya sake tafiya, daidai tsawon na farko. Ko wannan ya fi tsawo?

Ta ce ya dubi kunnenta. Haske ya shigo, siriri, fari, ya ratsa har ƙeya. Sama. Ƙasa. Dama. Ta tsaya. Ta matso. Ta daɗe a wuri ɗaya, tana numfashi a hankali, ta ce "hmm," irin wanda shi ma yake yi in ya buɗe waya ya ga abin da mai ita bai sani ba tukuna.

Me ta gani? Ƙuna? Jini? Ta yi magana mana… a'a, kada ta yi. Ta ɗan ƙara minti ɗaya. Muddin ba ta faɗa ba, duka biyun ba su faru ba.

Leɓɓansa na motsi. Tun yaushe? Haɓa a kan ƙarfe, baki na ta aiki shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, kamar ba nasa ba. Addu'a ce. To madalla, gara ni, ai ya ce zai faɗa. Ya kasa kunne ya ji abin da bakin ke cewa.

Allah ka sa hasken ne. Allah ka sa hasken ne. Allah ka sa…

Hasken? Wanda ke jingine a jikin keke? Yanzu haka saƙo ya shigo, allura a bakinta, ta ɗaga idon nan mai ruwa… Ya san abin da yake roƙo. Ya san a kan wa zai sauka. A juya ta, maza, kalma ɗaya ce za a canja, suga, ka ce suga, mutumin kirki — harshen ya yi nauyi, ya kwanta, ya ƙi. Kujerar Baba. Waye nan? Ba zai iya ba. Wallahi ba zai iya ba, ya gaji, wuyansa ya gaji, goshinsa ya saki duk nauyinsa a kan ƙarfen.

Likita ta ja kujerarta baya, ta kashe fitilar, ta jawo fayil. A cikin duhun, kafin ta buɗe baki, ya ji kansa ya ce amin.